Hutu a jirgin ruwa: bayan kuɗin tikiti, me kuma ake biya?

Abban_Yusra:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin hutu a manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Na kama mana ɗaki, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 14 da mai shekara 9, a jirgin da zai tashi daga Barcelona ya yi kwana bakwai yana zagaya yammacin Bahar Rum. Zai tsaya a Marseille da Genoa da Civitavecchia da Palermo da Valletta, sannan ya wuni guda a tsakiyar teku kafin ya komo. Wakilin da ya sayar mini da tikitin ya ce komai yana ciki, amma wani abokin aikina ya gaya mini cewa lissafin da aka miƙa masa a daren ƙarshe ya tayar masa da hankali matuƙa. Ina so in san abubuwan da ake cajin mutum a cikin jirgi, da yadda zan tsare aljihuna ba tare da na takura wa iyalina ba.

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam, Abban Yusra. Wakilin bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai kai ka ƙarshen magana ba. Abin da tikiti ya ƙunsa shi ne ɗakin kwana, da abincin babban ɗakin cin abinci, da na wurin da kowa ke ɗibar wa kansa, da ruwa da shayi da kofi na wannan wurin, da wasannin dare a dandamali, da wuraren ninƙaya. Duk abin da ya wuce wannan, a ƙa'ida da kuɗinsa: lemon kwalba, ruwan roba, kofin da ake haɗa wa mutum a kanti, gidajen abinci na musamman, intanet, wanki, hotuna, tausa, da fita yawo a garuruwan da jirgi ya tsaya.

Abin da ya fi kamata ka fahimta tun yanzu shi ne ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi. Ranar shiga za a ba kowannenku kati, har da yaran. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, kuma da shi ake sayen komai. Ka miƙa, a goga, ka karɓi abinka ka wuce. Kamar littafin bashi ne wajen mai shagon unguwa, ba ka jin nauyinsa sai ranar da aka buɗe maka shafi. A ganina wannan ne tushen abin da ya sami abokin aikinka, domin wanda bai ga kuɗi suna barin hannunsa ba yakan manta yana kashewa.

Bakatsine_a_Leeds:
Na goyi bayan Ummu Hanif, amma ta tsallake abu mafi girma, wato kuɗin hidimar ma'aikata. Ana ɗora shi a kan asusun ɗaki kowane dare, a kan kowane mutum, ko ka sayi wani abu ko ba ka saya ba. A kamfanonin Amurka yana kamawa tsakanin dala 16 zuwa 20 a kowane dare, kuma yara ma ana lissafa su. Idan muka ɗauki dala 18, mutum huɗu a kwana bakwai sun tashi dala 504. A jirgin kamfanin Turai da muka bi, Yuro 12 aka ɗora wa babba, rabin haka ga yaron da bai kai shekara 12 ba. Da wannan lissafin ɗanka mai shekara 14 babba ne, don haka Yuro 42 ke nan kowane dare, Yuro 294 a mako. Wannan kuɗi ne da ya kamata ka ware shi gefe tun kafin ka fara tunanin lemo ko hoto.

DanDamagaram:
Akwai gyara kaɗan a maganar Malam Bakatsine. Ba kowane tikiti ake ɗora wa kuɗin hidima daga baya ba. Ya danganta da ƙasar da aka sayi tikitin da kuma irin farashin da aka zaɓa, domin akwai wanda an riga an haɗa shi a ciki. Ka duba takardar da aka turo maka bayan ka biya, za ka ga ko an rubuta shi a matsayin abin da aka biya. Idan ba ka gani ba, ka sa wakilin ya tabbatar maka a rubuce, kada ka tsaya ga maganar baki.

Mu na Nijar muna da sauƙi guda a irin wannan tafiya, tunda sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka. Ku masu naira ne ke da aikin lissafi, shi ya sa nake ganin duk abin da za ka iya biya tun kana gida gara ka biya, ka san an rufe wannan babin.

Alhajin_Kwari:
Ni wannan kuɗin hidimar ne ban gamsu da shi ba. Tukuici abu ne da mutum ke bayarwa da son ransa ga wanda ya kyautata masa. Idan kamfani ya yanka maka adadi ya ɗora maka ba tare da ya tambaye ka ba, to ya zama wani ɓangare na farashi da aka ɓoye domin tikiti ya yi araha a talla. Na ji an ce mutum na iya zuwa teburin kula da fasinjoji ya ce a cire masa, sannan ya ba wanda ya ga dama da hannunsa. Ni da haka zan yi.

Ummu_Hanif:
Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Lallai dabara ce ta rage farashi a talla, kuma da sun haɗa shi cikin tikiti da ya fi zama adalci. Amma ina roƙonka ka dubi wanda cirewar za ta shafa. Yawancin masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, sun baro iyalansu da kwantiragin watanni masu yawa, suna aiki kullum babu ranar hutu. Matar da ke gyara mana ɗaki na gan ta da farar safiya tana tura keken tawul a lungu, na kuma gan ta bayan isha'i tana kan aikin. Kuɗin nan ana raba shi har da waɗanda ba za ka taɓa haɗuwa da su ba, irin masu aikin bayan fage a ɗakin abinci. Idan ka cire ka ba mutum biyu da hannunka, sauran sun tashi a tutar babu, kamfanin kuwa ko a jikinsa. Wanda ke da ƙorafi a kan tsarin, kamfani ya kamata ya rubuta wa.

Bakatsine_a_Leeds:
Ƙari a kan haka, ba kowane kamfani ke yarda a cire ba. Wasu suna ɗaukarsa wajibi, an rubuta shi cikin sharuɗɗan da mutum ya amince da su lokacin sayen tikiti.

Ma'aikacin_Banki:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Abban Yusra, ranar shiga za a nemi ka haɗa katin jirgin da katin bankinka, ko ka ajiye tsabar kuɗi. Idan ka haɗa da kati, za su riƙe wani adadi a asusunka a matsayin jingina, kuma duk lokacin da sayayyarka ta haura abin da suka riƙe sai su ƙara riƙe wani. A katin bashi wannan ba ya damun mutum sosai. A katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu kuwa, kuɗinka ne na gaske aka ɗaure, kuma bayan an sauka yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin banki ya sake su. Na sha ganin wanda aka cire masa ainihin lissafin alhali jinginar ba ta dawo ba, ya zo yana cewa an caje shi sau biyu, ga shi yana buƙatar kuɗin otal da na mota zuwa filin jirgin sama.

Kada ka dogara da katin naira, domin bankuna suna da iyakar abin da suke bari a kashe a waje, kuma iyakar tana canjawa. Ka je da katin asusun dala ko na Yuro, ka sanar da bankinka ranakun tafiyar. Abu na biyu, ka tambayi da wane kuɗi jirgin ke lissafi. Jiragen kamfanonin Turai a Bahar Rum yawanci da Yuro suke yi, na Amurka kuwa da dala suke yi ko da a Turai suke yawo. Idan aka tambaye ka ko kana so su canja maka lissafin zuwa kuɗin katinka, ka ce a bar shi yadda yake, saboda canjin da suke yi da kansu yawanci ya fi na banki tsada. Ni dai shawarata ga mai iyali ita ce ajiye tsabar kuɗi. Idan sun ƙare za a kira ka ka ƙara, wannan kiran kuma shi ne birkin da kati ba ya da shi.

Abban_Yusra:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na duba takardata kamar yadda DanDamagaram ya ce, kuɗin hidima ba ya ciki. Yanzu kuma suna ta turo mini saƙo cewa in sayi ƙunshin abin sha, wato in biya kuɗin abin shan tafiyar a dunƙule, tun yanzu a kan rangwame. Mu ba ma shan giya, to akwai amfanin da zai yi mana?

Yar_Zazzau:
Akwai ƙunshin da babu giya a ciki, na lemo da ruwan roba da kofi da ruwan 'ya'yan itace, kuma gaskiya ne ya fi araha idan aka saya kafin a shiga jirgi. Amma kafin ka biya, Yaya, ka yi lissafi guda. Ka raba kuɗin ƙunshin na kwana ɗaya da kuɗin kofi ɗaya na abin da kuka saba sha, za ka ga kofi nawa kowannenku zai sha kafin ku ci riba. Sannan ka tuna cewa a tafiyarku wuni ɗaya kacal za ku yi cur a teku, sauran ranakun kuna gari tun safe har la'asar, ƙunshin kuma ana biyansa ne na dukan kwanakin. Kamfanoni da dama suna kuma shardanta cewa idan mutum ɗaya a ɗaki ya saya, sai sauran sun saya, kuma ba a yarda mutum ya karɓa da katinsa ya miƙa wa wani ba.

Mu abin da muka yi shi ne kowa ya riƙe gorar ruwansa, muna cikawa a wurin ɗibar abinci, yara kuma muka yanka musu lemo ɗaya a abincin dare. Ka lura cewa duk abin shan da aka saya ɗai-ɗai ana ƙara masa kuɗin hidima na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon kamfani. Rasit ɗin yakan zo da wani layi a ƙasa na ƙarin tukuici, wanda bai duba ba sai ya sake bayarwa alhali an riga an cire.

Injiniya_Sadauki:
Ba a taɓo maganar waya ba, ita kuwa lissafinta ba ya ma zuwa ta hannun jirgi. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayarka za ta bar layin ƙasa ta kama na jirgin, wanda ke bi ta tauraron ɗan'adam, kuma kamfanin layinka zai caje ka da farashi mai tsanani. Ko ba ka kira kowa ba, manhajoji suna sabunta kansu, hotunan WhatsApp suna sauka cikin dare. Ka sa duk wayoyin gidan a yanayin jirgin sama tun kafin a kwance igiya, musamman ta ɗanka babba. Manhajar jirgin da ake duba jadawali da lissafi tana aiki a kan wayafai ɗinsu ba tare da an biya ba. Intanet ɗin jirgi kuwa ana sayar da shi ne a kan kowace na'ura, kowace rana. Tunda duk garuruwan da za ku tsaya suna cikin Tarayyar Turai, layi guda da ka saya a Sifaniya zai yi maka aiki a Faransa da Italiya da Malta, in dai tsarin da ka saya ya haɗa da haka. Sai ku riƙa gaisawa da gida idan kun sauka.

Mazaunin_Genoa:
A ganina inda kuɗi suka fi zurarewa ga mai iyali shi ne fita yawo, domin kamfanin jirgi yana sayar da shi a kan kowane kai, ku kuma ku huɗu ne. Tashoshinku ba ɗaya suke ba, kada ka yi musu hukunci guda. A Genoa tashar tana cikin gari, da ƙafa za ku isa tsohuwar gaɓa inda babban gidan kifaye yake, yara za su ji daɗinsa. Palermo ma daga tasha zuwa tsakiyar gari tafiyar ƙafa ce. A Valletta jirgi yana tsayawa ne a ƙarƙashin ganuwar birnin, akwai lif da ke hawa da mutane zuwa lambun Barrakka na sama a kan kuɗi kaɗan, daga nan kun shiga gari. Waɗannan ukun ban ga dalilin biyan kowa ya zagaya da ku ba. Marseille ce tasharta ke da nisa da tsakiyar gari, dole sai da mota. Civitavecchia kuwa, tashar da ake sauka idan za a je birnin Rum, ba Rum ba ce, tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, amma akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma kuɗin ku huɗu zuwa da dawowa ba zai kai abin da jirgin ruwa zai caji mutum ɗaya ba.

Goggon_Yara:
Ɗana Mazaunin Genoa, kai ɗan gari ne, kana jin yaren, ka san inda ake sayen tikiti. Bawan Allah nan baƙo ne da mace da yara biyu. Abin da ba ka faɗa masa ba shi ne jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Idan motar yawon da kamfanin ya shirya ta makara, za a jira ta. Idan kai ne ka makara, tafiya za su yi, kuma kai za ka nemi hanyar cim musu a tasha ta gaba da kuɗinka. Da idona na ga wasu mata da miji suna gudu a kan gaɓa, jakar matar tana faɗuwa tana tsinta, an riga an janye tsani, mutane suna kallonsu daga saman jirgi babu abin da za su iya yi musu. Kuma kai ka fi ni sanin yadda ma'aikatan jirgin ƙasa a Italiya ke yawan shiga yajin aiki. A ranar Rum dai, ni na fi son ya biya ya sami kwanciyar hankali.

Mazaunin_Genoa:
Goggo, ban musa miki ba, yajin aiki gaskiya ne, sai dai ana sanar da shi tun kafin ranar, ana iya dubawa. Wanda zai je da kansa ya rubuta lokacin da aka ce kowa ya kasance cikin jirgi, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, ya kuma shirya dawowa Civitavecchia da tazarar awa biyu. Idan zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai matsakaiciyar hanya: kamfanonin sukan sayar da kujerar mota kawai, ta kai ku Rum ta dawo da ku ba tare da ɗan rakiya ba. Ta fi cikakken yawo araha, kuma jirgi zai jira ta.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Ina so in ja hankali ga abinci, domin yana da alaƙa da kashe kuɗi. Wanda bai shirya ba yakan shiga jirgi ya rasa naman da zuciyarsa ta natsu da shi, sai ya koma saye a gari kullum, alhali ya riga ya biya kuɗin abincin jirgi. Ka rubuta wa kamfanin tun da sauran makonni ka tambaya ko suna tanadar naman halal, domin wasu suna yi idan an sanar da su da wuri. Idan babu, kifi da ƙwai da taliya da kayan lambu suna nan a wadace. A daren farko ka yi magana da shugaban masu kawo abinci, ka gaya masa ba kwa cin naman alade kuma ba kwa son abin da aka dafa da giya, zai riƙa nuna muku abin da ya dace.

Sannan ka kula da katin yara. Akwai ɗakin wasannin na'ura da kati ake gogawa kowane zagaye, yaro kuma bai san kuɗi yake kashewa ba. Ka je teburin kula da fasinjoji ranar farko ka sa a rufe sayayya a katinsu ko a yanka musu iyaka. Gidan caca kuma sau da yawa a tsakiyar hanya yake, sai an ratsa shi ake wucewa, ya kamata a yi wa saurayin naka bayani tun kafin ya gani. Ga masu son kauce wa wannan gaba ɗaya, Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya a ƙarshen 2024, yana tashi daga Jidda, babu giya babu caca a cikinsa.

Likitar_Mata:
Akwai asibiti a cikin jirgi, amma ba kyauta ba ne, kuma ganin likita kawai yana da tsada kafin a zo ga magani. A kan katin ɗaki ake ɗorawa, kai za ka biya sannan ka nemi inshora ta mayar maka, don haka ka adana duk takardar da aka ba ka. Inshorar da ake nema wajen bizar Schengen, wato ta shiga waɗannan ƙasashen Turai, dole ta kai Yuro 30,000, amma ka karanta ka tabbatar ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa da ɗauke mara lafiya daga teku, domin ba kowace ke haɗawa ba. Ku tafi da maganin jiri da amai, da na zazzaɓi, da duk wanda wani ke sha kullum, a cikin kwalinsa na asali.

Yar_Zazzau:
Na manta da masu hoto. Tun a bakin shiga za su tare ku, haka a wurin abincin dare. Ɗaukar kyauta ce, karɓar hoton ce da kuɗi, kuma babu wanda zai tilasta maka. Shagunan jirgi ma kada a ruɗe ka da cewa babu haraji. Tafiyar da ba ta fita daga Tarayyar Turai ba, irin taku, ana ɗora harajin kaya a kan abin da aka saya, a Sifaniya kuwa kashi 21 ne a kan kaya, kashi 10 a kan abinci da abin sha. Tsarabar da za ka kai gida gara ka saye ta a gari.

Alhajin_Kwari:
Na karanta abin da Hajiya Ummu Hanif ta rubuta, kuma ya taɓa ni, ba zan so in zama sanadin rage wa ma'aikaci haƙƙinsa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa albashin ma'aikaci nauyin wanda ya ɗauke shi aiki ne. Duba abin da aka lissafa a nan: hidima, abin sha, intanet, mota, haraji. Mu a kasuwa idan ka gaya wa mutum farashi ya amince, ba ka bin sa da wani lissafi bayan ya ɗauki kaya. Zan biya idan na je, amma zan nemi kamfanin da ke faɗin farashinsa gaba ɗaya tun farko, ko da ya fi tsada a ido.

Bakatsine_a_Leeds:
Akwai irinsu, Alhaji, sai dai idan ka kwatanta za ka ga sau da yawa ka biya kuɗin giyar da ba za ka sha ba a cikin wannan dunƙulallen farashin. Ga wanda ba ya sha, biyan abu ɗai-ɗai yakan fi sauƙi.

Abban Yusra, ka riƙa buɗe lissafinka a manhaja ko a talabijin ɗin ɗaki kowane dare kafin ka kwanta. Kuskure yana faruwa, mu an taɓa ɗora mana abin shan wani ɗaki, da muka nuna aka cire nan take. Kada ka bari sai safiyar sauka, lokacin layin teburin yakan yi tsawo ƙwarai, kuma bayan ka bar jirgi gyaran yana da wuya. Abin da ke cikin ƙaramin firijin ɗaki ma na sayarwa ne, kana iya cewa mai gyaran ɗaki ya kwashe ko ya kulle shi tun ranar farko.

Amaryar_Bana:
Ina bin wannan zance tun farko domin mu ma muna shirin bin wanda ke tashi daga Dubai ya je Abu Dhabi da Doha a lokacin sanyi. Shin maganar ajiye tsabar kuɗi da Ma'aikacin Banki ya yi tana aiki a can? Kuma wanki fa, tunda na ji ba a barin mutum ya shiga da dutsen guga?

Ummu_Hanif:
Tsarin kati ɗaya ne a ko'ina, ƙanwata, sai dai ki tambayi kamfanin da wane kuɗi za su karɓi ajiyar kafin ku yi canji. Dutsen guga kuwa gaskiya ne, karɓe shi ake yi a bakin shiga saboda tsoron gobara. Wanki da guga ana cajinsu a kan kowane tufa, amma wasu jiragen suna da jakar da ake cikawa a biya kuɗi guda. Ki zaɓi yadin da ba ya yamutsewa, shadda da leshi ki goge su a gida ki jera a akwati da kyau, da kun shiga ɗaki ki rataye su.